Duba Lafiyar Gida Kafin Biyan Kuɗi: Hattara Ga Masu Saye A Azare, Dambam Da Katagum

AZARE, Jihar Bauci. A garuruwan arewacin Jihar Bauci, cinikin gidaje ya fi kankama ne daga kaka zuwa ƙarshen rani, lokacin da manoma suka sayar da riɗi da gero da shinkafa, fatake suka tattara ribarsu, hanyoyi kuma suka bushe. A wannan lokaci kowane gida lafiyayye ne a ido, domin bango ya bushe, tsakar gida babu taɓo, rufi kuma ba ya yoyo. Sai ruwan watan Agusta ya sauka ne mai saye kan gane ainihin abin da ya zuba wa kuɗinsa, alhali kuwa mai sayarwa ya riga ya shiga wata sabgar da kuɗin, dillali ma ya daɗe da cinye la'adarsa.

Maganin wannan asara sananne ne a ƙasashe da dama, watau a ɗauko masanin gini wanda ba shi da rabo a cikin cinikin, ya binciki gidan ciki da waje, ya rubuta abin da ya gani kafin a biya ko kwabo. A Ingila, inda ƙungiyar ƙwararrun masu wannan sana'a ta kafu tun shekarar 1868, an kasa irin wannan bincike mataki uku, daga duba na sama-sama ga sabon gida har zuwa bincike mai zurfi ga tsohon gini. A garuruwan bakin teku babban abin da masu binciken ke farauta shi ne ɓarnar iska mai gishiri, wadda ke sa rodin da ke cikin kankare ya yi tsatsa. A ƙasar Katagum babu teku, amma akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa da ambaliya da gara da guguwar farkon damina, kuma ɓarnar da suke yi wa dukiyar mai saye ba ta gaza ta gishirin teku ba.

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa

Abubuwa uku ne suka haɗu suka ƙara wa wannan batu nauyi. Na farko shi ne ƙaruwar masu neman muhalli. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Katagum, mai hedkwata a Azare, tana da mutane kusan 300,000, ta Dambam kuwa, wadda ke tsakanin Azare da Potiskum, tana da kimanin 150,000. Daga wancan lokaci yankin ya samu jami'ar jiha a Gadau, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare cikin shekarar 2021, baya ga kwalejin horon malamai da babban asibitin tarayya da ke garin tun da farko. Kowace ma'aikata daga cikin waɗannan tana jawo malamai da ma'aikata da ɗalibai, akasarinsu baƙi waɗanda ba su san inda ruwa ke kwanciya a garin ba.

Na biyu shi ne tsadar kayan gini. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairu, aka amince da Naira 7,000 zuwa 8,000. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Illar wannan iri biyu ce. Gyaran da a da ake yi da ɗan abin da ya saura a aljihu ya koma babban aiki, sannan mai ginawa domin sayarwa ya samu ƙarin dalilin rage siminti da rodi.

Na uku shi ne ruwa. Ambaliyar shekarar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta kuma rusa ko lalata gidaje sama da 200,000, kuma ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa da Jama'are na cikin waɗanda suka ji jiki a Jihar Bauci. A watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Gidajen da suka sha ruwa a waɗannan shekaru ba duka ne suka faɗi ba. Da yawa an yi masu sabuwar filasta da fenti, kuma wasunsu za su shigo kasuwa.

Mai sayarwa ya sani, mai saye bai sani ba

Masana tattalin arziki sun daɗe da nazarin irin wannan kasuwa. A shekarar 1970 wani Ba'amurke mai suna George Akerlof ya wallafa nazari kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin ayyukan da suka sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai sayarwa ya san aibin kayansa amma mai saye ba shi da hanyar sani, to mai saye zai riƙa taya kowane kaya da farashin tsaka-tsaki domin kare kansa. Mai kaya nagari sai ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye, mai rubabben kaya kuwa ya sallama da murna. Da tafiya ta yi nisa sai kasuwar ta cika da marasa kyau.

Kasuwar gidaje ta fi ta motoci shiga wannan hali, domin mota ana iya tuƙa ta a gwada, amma tushen gida yana binne a ƙasa, rodinsa yana cikin kankare, katakon rufinsa yana bayan silin. Dillali, wanda shi ne ke tsakani, ana biyansa la'ada ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka ko da mutumin kirki ne, amfaninsa yana ga a kammala, ba ga a tono aibi ba. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan suna, ya kira shi sayen kifi a ruwa. Aikin mai binciken gida shi ne fito da kifin tudu kowa ya gani, kuma ribar hakan ba ta mai saye ba ce kaɗai, har da mai gidan kirki, wanda rahoton zai ba shi hujjar tsayawa kan farashinsa.

Wa ya kamata a kira

Akwai ruɗani a tsakanin jama'a game da masu wannan aiki, domin kusan kowa ana kiransa safiyo ko injiniya. Safiyon ƙasa aikinsa awon fili ne da kafa duwatsun iyaka da zana taswirar fuloti, kuma majalisar da ke yi masa rajista, SURCON, an kafa ta ne da doka a 1989. Mai ƙiyasta darajar kadarori yana faɗin abin da gida zai yi a kasuwa, hukumarsa ita ce ESVARBON ta shekarar 1975. Ƙwararren magini mai rajista yana ƙarƙashin CORBON ta 1989, shi ne masanin yadda aka aiwatar da gini da ingancin kayan da aka sa. Injiniyan gini kuwa yana ƙarƙashin COREN ta 1970, kuma shi ake nema idan maganar ta kai ga ko ginin zai iya ɗaukar nauyinsa.

Ga gida na ƙasa mai ɗakuna uku ko huɗu, magini mai rajista ko mai ƙiyasta kadarori da ya goge a kan duba gini ya wadatar. Idan bene ne, ko an ga tsaga mai faɗi, ko mai saye yana da niyyar ɗora wani hawa nan gaba, to tilas a nemi injiniya. Rushewar wata makaranta mai bene a Jos a watan Yuli na 2024, inda mutane 22 suka rasu, ta isa ishara ga mai ganin bene a ƙaramin gari ba ya bukatar lissafi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauci suna yaye masu waɗannan fannoni, don haka ba sai an je Legas ko Abuja neman su ba.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin ƙiyasin banki da binciken gida. Ma'aikacin da ke neman rance daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka ta 3 ta shekarar 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke gudanarwa, za a bukaci rahoton darajar gidan kafin a ba shi. Haka ma wanda zai ciri kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fanshonsa domin biyan kason farko na rancen gida, kamar yadda ƙa'idojin hukumar fansho na 2022 suka ba da dama. Amma wannan rahoto an yi shi ne domin mai ba da rance ya tabbatar zai iya mayar da kuɗinsa idan aka kasa biya. Ba lallai ne mai yin sa ya hau cikin silin ko ya tona gefen tushe ba. Wanda ya dogara da shi kaɗai yana iya shafe shekara 30 yana biyan bashin gidan da tushensa ke nutsewa.

A fara da ƙasa da ruwa

Mai binciken da ya san aikinsa ba ya farawa da falo. Yakan fara ne daga titi, ya duba ko daɓen gidan ya ɗara titin tsawo ko kuwa titin ne ya hau kansa. Wannan ya zama muhimmi a unguwannin da aka yi sabuwar kwalta ko aka yi ciko bayan an gina gidajen, domin ruwan da a da ke wucewa yanzu cikin zaure zai sauka. Daga nan sai ya bi lambatu ya ga inda ta nufa da inda ta toshe, ya kuma dubi katangun maƙwabta, domin ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar zane a jikin bango, kuma mai sayarwa ba ya iya fente unguwa duka.

Ƙasar yankin iri biyu ce a taƙaice. Akwai jigawa mai rairayi, wadda ke tsotse ruwa da sauri amma zaizaya ke kwashe ta daga gindin gini idan babu daɓe a kewaye. Akwai kuma ƙasar fadama mai laka, musamman a garuruwan da ke bin kogin Jama'are irin su tsohon garin Katagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma wannan motsi na shekara-shekara shi ke tsaga bangon da tushensa bai yi zurfi ba. Mafi haɗari duka shi ne filin da asalinsa kududdufi ne, watau ramin da aka haƙi ƙasar gini a da, daga baya aka cike shi da shara aka yanka fuloti. Shara tana ruɓewa tana zama a hankali, ginin da ke kanta kuma yana bin ta. Wannan tarihi ba ya cikin kowace takarda, amma mai unguwa da dattawan layin sun san shi, kuma tambayarsu ba ta cin ko sisi.

Hukumar Kula da Albarkatun Ruwa ta NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, inda take ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hasashen ba ya sauka har kan layi ko fuloti, amma yana nuna wa baƙo inda ya kamata ya ƙara yin tambaya. Idan akwai shakka, mai bincike yakan nemi izinin haƙa ɗan rami a gefen bango domin ya ga zurfin tushe da irin ƙasar da ya zauna a kai. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba da rabin amsa.

Jikin ginin bulo

A ginin bulo da siminti, alamar farko da ake nema ita ce laima a gindin bango. Idan ba a shimfiɗa leda da kankare mai hana danshi hawa ba, abin da magina ke kira difisi, ruwan ƙasa yakan bi ƙofofin bulo ya hau kimanin mita ɗaya, ya bar farin gishiri mai kama da kanwa, fenti ya riƙa ɓarewa, filasta ta riƙa zuba. Sabon fenti a iya ƙasan bango, ko tayil da aka manna har ƙugu a ɗakin da ba na wanka ba, abin tambaya ne.

Sai tsaga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci ta bushewar siminti ce. Wadda ke damun masana ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko wadda ta ratsa bango ana ganinta ciki da waje. Ma'aunin da masu binciken gine-gine na Ingila suka tsara ya ɗauki tsagar da ba ta kai milimita 5 ba a matsayin mai sauƙin gyara, wadda ta wuce milimita 15 babban aiki ce, wadda ta haura 25 kuwa tana iya nufin ginin ba shi da aminci. Ƙofar da ta daina rufuwa daidai da daɓen da ya karkata su ma shaidu ne cewa wani ɓangare ya zauna.

Ingancin bulo ana gane shi da ƙusa, domin bulon da aka cika masa yashi yana marmashewa da an kankare shi. Kankare mai kyau na gidan zama ana haɗa shi ne da kaso ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A zafin watan Afrilu na wannan yanki, kankaren da ba a shayar ba yakan bushe kafin ya nuna. Inda aka ga jan tabo a jikin linta ko ginshiƙi, ko kankare ya ɓalle rodi ya fito, to tsatsa ta fara aiki, kuma rodi mai tsatsa yana kumbura ya ƙara fasa abin da ya rufe shi.

Rufi shi ne ɓangaren da masu saye suka fi mantawa da shi, alhali nan ne kuɗi suke. Dole a ɗaga silin a leƙa da fitila, a duba ko gara ta ci katako, a duba ko an ɗaure katakon da jikin bango da rodi ko waya, domin rufin da aka aza kawai shi guguwar watan Mayu da Yuni ke yayewa. Gidajen da aka ɓoye kwanonsu a bayan bango suna da kyan gani, amma magudanar da ke tsakanin kwano da bango takan toshe da ganye da ƙura, ruwa ya koma cikin ɗaki. A tsofaffin gidajen ma'aikata kuma ana samun silin asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu idan aka farfasa shi ba tare da kariya ba. Bayan wannan sai wayar lantarki da tazarar rijiya daga masai ko sokawe, wadda masana lafiya ke son ta kai mita 30. A fuloti mai ƙafa 50 a ƙafa 100, da kyar ake samun wannan tazara, kuma masan maƙwabci ma yana cikin lissafi.

Ginin ƙasa yana da nasa ma'auni

Gidaje masu yawa a cikin garin Dambam da tsofaffin unguwannin Azare da Katagum na tubali ne da jar ƙasa, kuma kuskure ne a ɗauka cewa ba su cancanci bincike ba. Ginin ƙasa da ake yi wa yaɓe a kan kari yana iya wuce jikokin wanda ya gina shi, ga kuma sanyi da bazara. Lafiyarsa tana ga abu biyu, kansa da ƙafarsa. A sama ana duba indararo, ko yana zubar da ruwa nesa da bango ko kuwa a jikinsa, sannan a duba bakin azara inda ta shiga bango, domin azarar giginya tana jure wa gara amma tana ruɓewa idan ta daɗe a cikin danshi. A ƙasa ana duba gindin katanga, inda feshin ruwan sama da kwata ke cinye ta har ta sirance.

Babban abin da ke yaudarar mai saye shi ne ginin ƙasa da aka lulluɓe da filastar siminti. Siminti da laka ba sa kama juna sosai, don haka ruwa yakan shiga tsakaninsu ya narkar da ƙasar alhali fuskar waje tana nan sumul. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji amo kamar ganga, to akwai rami a ciki. A irin wannan gini, tsohon magini na gargajiya, irin waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Magina, sau da yawa ya fi mai takardar digiri ido, kuma babu laifi a haɗa su biyun.

Takarda ma ɓangaren gida ce

Gida mai lafiyar jiki yana iya zama asara idan takardarsa ba ta da lafiya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 idan gwamna ne ya bayar. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan haƙƙi, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci, matsayin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. A wajen wuraren da aka ayyana a matsayin birane, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin binciken rajistar filaye ta jiha, inda za a gane ko an jinginar da gidan ga banki.

Akwai kuma maganar wurin da gidan ya zauna. Doka ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar hanyar tarayya zuwa kowane gefe, lamarin da ya shafi masu sha'awar gidajen bakin titin Kano zuwa Maiduguri. Layin wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 yana da haramin mita 15 a kowane gefe. Ginin da ya shiga irin waɗannan wurare, ko ya hau hanyar ruwa ko burtali, yana iya fuskantar rusau, kuma mai shi ba ya da ƙwaƙƙwarar hujjar neman diyya.

Gidan gado yana bukatar kulawa ta musamman. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar ke aiki da shi, wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓi kason da ɗan'uwansa ya sayar. Saboda haka mai saye ya nemi shaidar rabon gado daga kotu da amincewar dukan magada, har da mata da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa. Fiƙihun ya kuma haramta ɓoye aibi, ya bai wa mai saye zaɓi idan ya gano shi. Malaman mazhabar sun rarrabe tsakanin aibin da ke jawo ragin kuɗi kawai, kamar tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, da babban aibin da ke halatta mayar da gidan. Amma tabbatar wa alƙali cewa aibin ya girmi cinikin aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma sau da yawa mai sayarwa ba ya da abin mayarwa.

Lissafin riba da asara

A ɗauka, alal misali, an sallama gida a kan Naira miliyan 12, mai saye kuma ya biya masanin gini Naira 100,000 ya duba masa. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gidan ba. Idan rahoton ya nuna cewa katakon rufi da gindin bango za su ci Naira miliyan 2, to ainihin farashin gidan miliyan 14 ne, kuma mai saye yana da zaɓi uku: ya nemi a rage masa, ko ya sa sharaɗin a gyara kafin ya cika kuɗi, ko ya janye. Idan kuma ba a samu aibi ba, ya sayi kwanciyar hankali da araha. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka suna hannunsa ne muddin kuɗin suna aljihunsa. Ranar da ya biya, ƙarfin ciniki ya koma hannun ɗaya ɓangaren.

Don haka tsarin biyan yana da muhimmanci kamar binciken kansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta a cikin yarjejeniya cewa kafin alƙalami zai dawo idan bincike ya gano babban aibi ko matsalar takarda, a kuma ba da wa'adin mako biyu ko uku. Mai saye ne zai zaɓi mai binciken kuma shi zai biya shi, kada ya karɓi wanda dillali ko mai gida ya kawo. Rahoton ya kasance a rubuce, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin kowane gyara, da sa hannu da lambar rajistar mai shi, ya kuma bayyana wuraren da bai samu damar dubawa ba. Wanda ba ya cikin gaggawa kuwa, babu abin da ya kai ya ziyarci gidan da kansa washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta.

Akwai abin da ke hana wannan al'ada yaɗuwa, kuma ba tsada ba ce kaɗai. A ƙananan garuruwa mai sayarwa sau da yawa ɗan'uwa ne ko suruki ko abokin sallah a masallaci ɗaya, don haka kawo mai bincike yakan zama kamar tuhuma. Nan ne masu unguwanni da limamai da shugabannin dillalai ke da rawar takawa, domin idan duba gida ya zama abin da kowa ke yi, kamar yadda ba mai jin haushi idan mai sayen sa ya buɗe bakinsa ya duba haƙora a kara, to kunyar za ta kau. Ƙa'idar Gine-gine ta Ƙasa da aka fitar a 2006 ta fi mayar da hankali ne kan yadda za a yi gini, kuma babu dokar da ta tilasta wa mai sayen gida ya sa a duba masa kafin ya biya. Ke nan nauyin yana wuyan mai kuɗin.

Ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko manomin da ya tara amfanin shekaru, gida shi ne ciniki mafi girma da zai yi a rayuwarsa, kuma shi ne abin da zai bar wa 'ya'yansa. Mako biyu na bincike da ɗan abin da zai biya masani ba su kai nauyin damina ɗaya a ƙarƙashin rufi mai yoyo ba.